Kwamfuta Tana Mutuwa da Kanta: A Bi Sawun Wutar Tun Daga Bango

Shirinmu na yau na masu kwamfutar tebur ne, musamman 'yan uwanmu na Dei-Dei da maƙwabtansu na Saburi da Kagini da Gwagwa, har zuwa Kubwa da Zuba. Wanda yake da biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai wasu 'yan lambobi da zan so a rubuta.

Duk wanda ya san Dei-Dei ya san siminti da rodi da tayil da katako, amma a bayan shagunan nan akwai kwamfutoci a kan tebur, da su ake buga rasit, da su ake lissafin kayan da tirela ta sauke da bashin da ake bin 'yan kwangila. Ga masu shagon buga takardu da wankin hoto, ga masu taimaka wa yara da harkar jarrabawa, waɗanda aikinsu ya ƙaru tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Ga ƙananan asibitoci da makarantun unguwa. Irin waɗannan mutane, in kwamfuta ta fara mutuwa ba sallama, abincinsu ta taɓa.

Kun san halin da nake nufi. Kana tsakiyar aiki, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi shiru, kamar an zare fulogi. Ko ta mutu ta sake tashi da kanta. Ko da safe sai ka danna maɓallin kunnawa sau da yawa kafin ta amsa. Wani lokaci ta yi kwana uku lafiya lau, rana ta huɗu ta mutu sau biyar kafin azahar. Abin da aka fi gaya wa mai irin wannan kwamfuta shi ne: "Alhaji, bairos ne, sai an yi mata fomatin." A goge komai, a sa sabuwar Windows, a karɓi kuɗin aiki, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Wannan abu yana ci mini rai, domin an yi asarar kuɗi, an yi asarar takardun shekaru, ciwon kuma yana nan inda yake. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif, ba saƙo ba gargaɗi, da wuya a ce manhaja ce ta jawo. Wuta za a fara tuhuma, kuma tuhumar daga bango take farawa, ba daga cikin akwati ba.

Kafin a taɓa komai, a yau ɗin nan, ranar da ta yarda ta tashi, a kwashe muhimman takardu a zuba a filashi ko a wata ma'ajiya ta waje. Duk mutuwar bazata da kwamfuta ta yi tana iya lalata fayil ɗin da take rubutawa a wannan daƙiƙa, kuma had-disk mai juyawa ba ya son a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar aiki. Kwashe takardun ba ya cin ko kwabo.

To, bari mu fahimci abin da masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne akwatin ƙarfen nan da ke bayan kwamfuta, inda wayar wuta ke shiga, mai fanka a jikinsa. Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba sa iya cin wannan. Aikin fawa-fak shi ne ya mayar da ita 'yar ƙaramar wuta mai tafiya a miƙe, kashi uku: bolt 12, bolt 5, da bolt 3.3. Tsarin da akasarin kwamfutocin tebur ke bi, wanda ake kira ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma ya ƙayyade cewa kowace daga cikin ukun nan kada ta kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, sama ko ƙasa.

A cikin akwatin akwai wasu 'yan gwangwanaye da ake kira kafasita. Ku ɗauke su kamar randa a gidan da famfo ke zuwa yana yankewa: in ruwa ya tsaya na ɗan lokaci, daga randa ake ɗiba, ba wanda ya san an yanke. Lafiyayyen fawa-fak zai iya riƙe kwamfuta na kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya bayan wuta ta yanke, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya haye irin ƙyaftawar da wutarmu ke yi. In randar ta tsage ba ta riƙe ruwa. Kafasita tana da ruwan sinadari a cikinta, zafi yana busar da shi a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Ku tuna zafin watan Maris da Afrilu a Abuja, a cikin shago mai rufin kwano, ku ƙara da cewa yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Legas.

Amma kada mu yi saurin ɗora wa fawa-fak laifi. Mu fara daga waje.

Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamba na 2013, kamfanin AEDC ne ke ba Babban Birnin Tarayya da jihohin Neja da Kogi da Nasarawa wuta, ko da yake har gobe NEPA muke cewa. An kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni: rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana zuwa sama, B awa 16, C awa 12, har zuwa ƙasa. Wannan lissafin awoyi ne. Ƙarfin wutar da ke isowa soket ɗinka wani zance ne daban, kuma ya danganta da nisanka da taransifoma, da yawan mutanen da ke kanta, da kaurin wayar da aka ja, da kuma abin da maƙwabcinka ke kunnawa. A wuri irin Dei-Dei wannan na ƙarshen babba ne. Mai walda in ya ɗana ƙarfe, injin yankan katako in ya tashi, injin niƙa ko famfon burtsatse in ya fara juyi, kowannensu yana fizgar wuta mai yawa a lokaci guda, duk wanda ke layi ɗaya da shi sai wutarsa ta yi ƙasa na ɗan lokaci. Ƙwan fitila zai ɗan lumshe ya dawo. Kwamfuta mai gajiyayyen fawa-fak kuwa mutuwa za ta yi.

Saboda haka aikin farko na ido ne da kunne. A ajiye ɗan littafi kusa da kwamfutar. Duk lokacin da ta mutu, a rubuta ƙarfe nawa ne, wace wuta ake kai, ta NEPA ce ko janareta ko inbata, me ake yi da ita, kuma me aka kunna a shagon ko a maƙwabta a daidai lokacin. Kwana uku ko huɗu sun isa a ga zaren. In kullum da magariba take mutuwa, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna kayansa, to wutar unguwa ce ke raguwa. In a kan janareta kaɗai take yi, an san inda za a duba. Kuma masu shagon buga takardu, ku saurara da kyau: injin fotokwafi, da firinta mai aiki da garin tawada, da na'urar liƙa leda, duk suna da abin dumamawa a cikinsu, kuma in suka fara zafafa shi suna iya jan wutar da ta ninka ta kwamfuta sau da yawa. In kwamfutarku tana mutuwa daidai lokacin da fotokwafi ta yi gurnanin tashi, ku raba musu soket, kuma kada a taɓa haɗa irin waɗannan injuna a bayan UPS.

Daga nan sai soket da abin da ke tsakaninsa da kwamfuta. A nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Kwamfutar dubban ɗaruruwan naira, a jona ta da istenshin mai araha wanda wayar cikinsa siririya ce, bakinsa ya saki, fulogi na rawa a ciki. Wani ma ba fulogi, tsirarar waya ce aka cusa aka danne da tsinken ashana. Ku taɓa fulogin bayan awa ɗaya ana aiki. In ya yi zafi, ko kun ga baƙi-baƙi a bakin soket, ko kuna jin ɗan tartsatsi in an motsa waya, to kun kama ɓarawo ɗaya. A cire istenshin gaba ɗaya, a jona kwamfutar kai tsaye da soket ɗin bango mai kyau, a kuma canja wayar wutar kanta, domin ita ma tana karyewa daga ciki, kuma irinta ɗaya ce da ta monita, ana iya musanya su a gwada. Kuna zaune a tsakiyar babbar kasuwar kayan gini. Soket mai nauyi da waya ta jan ƙarfe na gaske ba su fi ƙarfin tafiyar ƙafa ba. A nemi mai kyau, araha ba ta ado.

Akwai kuma waɗanda jikin kwamfutarsu ke ɗan jan hannu in an taɓa ƙarfen. Wasu sun saba har suna ganin haka kowace kwamfuta take. Ba haka ba ne. Alama ce cewa ginin ba shi da wayar ƙasa, wato ta ukun nan da ke zuwa babban hancin fulogi, ko kuma an ja ta amma ba a haɗa ta da sandar da aka binne ba. Fawa-fak yana zubar da 'yar ƙazantar wuta ta wannan hanya. In babu ita, a jikin akwatin take taruwa. Hakan yana iya sa abin da aka jona ta kafar USB ya riƙa ɓacewa yana dawowa, kuma ranar da wani abu ya lalace a ciki, ran mutum ne a kan layi. A kira ƙwararren mai aikin wayarin ya gyara. Shi ne kuma zai auna muku ƙarfin wutar soket da mita. In ya ga tana sauka can ƙasa da 200, ko tana haura 250, matsalar ta fi ƙarfin shagonku. Mafi haɗari shi ne in wayar nan ta tsakiya da ake kira nutural ta saki a kan turke ko a taransifoma: wasu gidajen wutarsu ta dushe, wasu kuma ta haura har ta doshi 400, fitilu su yi haske fiye da kima su fashe. In kuka ga haka, a kashe babban makunni nan take, a kai ƙara ofishin kamfanin wuta a rubuce, a riƙe kwafi. In ba a saurare ku ba, hukumar NERC da ke sa ido kan harkar wuta tana da zauren sauraron ƙorafin masu amfani da wuta, kuma haƙƙinku ne ku je.

Sai janareta. Ƙananan nan da ake zuba wa mai haɗe da baƙin mai ba su da na'urar daidaita ƙarfin wuta ta kirki. In an ƙara musu kaya su sunkuya, in an rage su zabura. Mafi munin lokaci shi ne in mai ya kusa ƙarewa, injin ya fara shaƙewa yana tashi yana faɗuwa. Kada a bari kwamfuta ta kai wannan lokaci a kunne. A tayar da injin, a bar shi ya daidaita, sannan a juya layi, sannan a kunna kwamfuta. In za a kashe kuma, kwamfuta ce farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da yawa sun koma sola da inbata, kuma hakan ya yi kyau, sai dai inbata iri biyu ce. Akwai mai ba da wuta mai santsi irin ta NEPA, akwai mai araha wadda wutarta ke tafiya tsalle-tsalle. Wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ta biyun, za ku ji suna ƙara kamar ƙudan zuma, ko su mutu daidai lokacin da aka juya zuwa batir. Tunda mun zo nan, ina roƙonku don Allah, kada a kunna janareta a cikin shago ko ɗaki ko lungun da iska ba ta ratsawa. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci, kuma mun sha jin gida guda an wayi gari ba kowa.

Mai UPS kuma kada ya saki jiki. Ƙananan da aka fi sayarwa, masu lamba 650 a jiki, batir ɗaya ne a cikinsu mai bolt 12, kuma ainihin abin da za su iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Batirin yana gajiya cikin 'yan shekaru, a zafinmu ma ya fi saurin gajiya. Gwajinsa mai sauƙi ne: a adana aiki, a rufe komai, a zare fulogin UPS ɗin daga bango alhali kwamfuta na kunne. In ta ci gaba da aiki na wasu mintuna, madalla. In komai ya mutu nan take, har da monita, batiri ne ko UPS ɗin kansa. In kuwa UPS ya yi ƙaras ya kama, monita tana nan da haskenta, amma kwamfutar ta mutu ta sake tashi, to ku riƙe wannan da kyau: UPS yana ɗaukar ɗan mitsitsin lokaci kafin ya juya zuwa batir, fawa-fak ɗin ne ya kasa riƙe wannan ɗan taƙin. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa kafasitocinsa sun tafi.

Hanya mafi gajarta ta raba gardama tsakanin wutar waje da ciwon ciki ita ce a ɗauki kwamfutar a kai ta wani wuri mai lafiyayyar wuta, gidan ɗan uwa ko shagon aboki mai inbata mai kyau, a yi aiki da ita wuni guda. In ta zauna lafiya a can, kada ku sayi komai na kwamfuta. Wutarku za ku gyara. In ta mutu a can ma, sai mu buɗe akwati.

A zare wayar wuta tukuna, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa wani abu a ciki. Abin da za ku fara gani, a Dei-Dei, ƙura ce. Ga ta hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga garin siminti, ga dusar katako, ga ƙurar manyan motoci. Tana toshe ƙarfen da ke sanyaya furosesa, ta danƙare a fanka har ta kasa juyawa. Furosesa in zafinta ya doshi digiri 100 tana rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar don ta tsira. Wannan mutuwar tana kama da ta fawa-fak, amma tana da nata salo: sai an ɗan jima ana aiki, fanka ta yi ta ihu kafin nan, ta fi yawa da rana tsaka, kuma in an sake kunnawa nan take ba ta daɗewa take sake mutuwa. A fitar da ita waje a hure da bulowa, a riƙe fankokin da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima. A hura ta ramukan fawa-fak ɗin ma. In an shekara da yawa ba a canja man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ba, mai gyara ya goge ya sa sabo. Sannan a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a ba bayanta tazara da bango, a daina lulluɓe ta da zane tana aiki.

Ram ma yana ruɗa mutane. Nasa ciwon ya fi zuwa da shuɗin allo mai rubutu, yau wannan saƙo gobe wancan, ko ƙarar ƙit-ƙit a lokacin tashi ba tare da hoto ba. A zare shi, a goge haƙoransa na ruwan zinariya da abin goge fensir mai tsabta, a mayar har ya yi ƙaras. In guda biyu ne, a gwada ɗaya-ɗaya. Akwai manhajar gwaji mai suna MemTest86, ita ma Windows tana da tata a ciki. Had-disk in ya fara lalacewa, sanƙarewa yake jawowa da nauyin jiki, ba mutuwar farat ɗaya ba. Agogon kwamfuta kuma in kullum yana komawa baya, ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. Canja shi ba wuya.

Ga wani gwaji da ke wanke Windows ko ya kama ta. Da an kunna kwamfuta, a danna maɓallin shiga BIOS, a yawancin Dell F2 ne, a HP kuma F10, a bar ta a wannan shafi awa ɗaya ko biyu. A nan Windows ba ta tashi ba, bairos ba shi da ta cewa. In ta mutu a nan, zancen fomatin ya ƙare. Waɗanda suka iya duba kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru da ita za su tarar da saƙon Kernel-Power mai lamba 41. Wasu masu gyara suna nuna shi a matsayin hujjar cewa fawa-fak ya lalace. A'a. Abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko NEPA ce ta ɗauke, haka zai rubuta.

Yayin da akwatin ke buɗe, a haska fitila a kan madabod, a dubi kafasitocin da ke kewaye da furosesa. Kansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya kumbura, ko ya fitar da wani abu mai launin tsatsa, ya mutu. Daga wajen 1999 zuwa 2007 duniya ta yi fama da annobar irin waɗannan, saboda gurɓataccen sinadari da wasu masana'antu suka yi amfani da shi, har ta shafi manyan kamfanoni, ciki har da Dell a kwamfutocinta na OptiPlex GX270 da GX280. A kuma tabbatar manyan fulogan nan biyu sun zauna daram: mai baki 24, da ƙaramin mai baki 4 ko 8 da ke kusa da furosesa. In robar ɗayansu ta yi launin ƙuna, an sami wurin da wuta ke tartsatsi.

Yanzu ga lambobin da na ce a rubuta, musamman ku yara masu koyon gyara. A fawa-fak na tsarin ATX, baƙar waya ita ce ƙasa. Rawaya bolt 12 ce, kuma lafiyarta daga 11.4 zuwa 12.6. Ja bolt 5 ce, daga 4.75 zuwa 5.25. Mai ruwan lemo 3.3 ce, daga 3.14 zuwa 3.47. Koriyar ita ce ta kunnawa: in an cire fulogin daga madabod aka haɗa koriya da baƙa da 'yar waya, fanka za ta juya. Sai dai ku ji ni da kyau, juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, ta nuna dai bai mutu murus ba. Awo na gaskiya shi ne wanda aka yi kwamfuta tana kunne tana aiki mai nauyi, a sa mita a kan rawaya da baƙa na wani fulogin da ba a amfani da shi, a zuba ido. In 12 tana zamewa zuwa 11 da 'yan kai duk lokacin da aiki ya yi nauyi, an gama magana. Kuma ko mita ta nuna daidai, ba ta iya ganin 'yar rawar da wutar ke yi da sauri, wadda tsarin ya ce kada ta wuce kashi 120 cikin 1000 na bolt a layin 12. Shi ya sa gwajin da ya fi kowanne shi ne a ari fawa-fak da aka tabbatar da lafiyarsa a sa, a yi aiki kwana biyu. Mai gyaran kirki yana ajiye irin wannan a shagonsa don gwaji kawai. Malam mai kwamfuta, ka nemi a yi maka haka kafin ka biya kuɗin sabo. Kuma abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In an canja ram da fawa-fak da Windows rana ɗaya, ko ta warke ba wanda ya san abin da ya warkar da ita, kai kuma ka biya kuɗin uku.

Shi kansa akwatin fawa-fak, kada wanda bai ƙware ba ya kwance shi. Babbar kafasitar da ke ciki tana riƙe fiye da bolt 300, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare waya. In ya yi warin ƙuna, ko ya yi ƙara ya fitar da hayaƙi, kada a sake jona shi don a gani. Yana iya tafiya da madabod da had-disk.

Akwai wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin fawa-fak, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. Amurka wutarta 120 ce, kwamfutar da ta fito daga can tana iya zuwa a kan 115. A jona ta a nan haka, ƙara ɗaya za a ji. Duk wanda ya sayi ta gwanjo ya dubi wannan kafin ya kai hannu ga soket, kuma a hana yara wasa da shi. Waɗanda ba su da makunnin, a karanta takardar jikinsu. In an rubuta 100 zuwa 240, wannan shi ya fi dacewa da mu, domin yana jure raguwar wuta fiye da sauran.

In ta tabbata sai an saya, ko a Banex da ke Wuse 2 ne, ko an aiko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, a tafi da tsohon a hannu. Kwamfutocin Dell da HP da Lenovo na ofis, musamman sirara, da yawansu fulogin wutarsu nasu ne na kansu, launin wayoyinsu ma ba lallai ya bi abin da na lissafa ba, don haka lambar da ke jikin tsohon ita za a bi. Wasu na Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa-fak ɗin, a yi amfani da shi. Ga masu akwati na gama-gari, kada babbar lambar da aka buga a kwali ta ruɗe ku. A dubi layin bolt 12 a takardar jikinsa, a ninka da amfiyar da aka rubuta a ƙarƙashinsa. In an ce wat 500 ne amma layin 12 amfiya 18 ne, lissafi ya ba da 216, kuma daga wannan layi furosesa da katin hoto suke ci. Kwamfutar ofis ba ta cin wuta sosai, amma mai zanen gine-gine ko mai haɗa bidiyo da ya ƙara katin hoto, katin kaɗai yana iya neman wat 150 ko fiye, alhali fawa-fak na siririyar kwamfuta sau da yawa bai wuce 180 zuwa 250 ba. Irin wannan ita ce ke zama lafiya ana rubutu, ta mutu da an buɗe babban zane. A ɗaga fawa-fak ɗin a hannu kuma. Wanda ya yi sakayau an rage masa kayan ciki. Tambarin 80 Plus da aka fara a 2004 yana nuna rashin ɓarnar wuta ne, ba rantsuwa ce kan inganci ba, amma na gaskiyarsa alama ce mai kyau. A ra'ayina, tsohon da aka ciro daga kwamfutar kamfani, ƙirar Delta ko Lite-On ko FSP, in an gwada shi ya tsaya, ya fi sabo fil marar suna. A sa mai shago ya rubuta kwanakin garanti a kan rasit.

Sabon kuma a tsare shi daga abin da ya kashe na farko. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa a gaba, UPS a bayanta, kwamfuta da monita kaɗai a kan UPS. In an kawo wuta, a ba ta 'yan mintuna ta zauna kafin a kunna. Damina kuma in hadari ya haɗo aka fara walƙiya, kashe makunni bai isa ba, a zare fulogin daga bango, a zare wayar intanet ma, domin tsawa tana bin ta ita ma.

Lokacinmu ya cika, masu sauraro. Wanda bai samu rubuta lambobin ba, ga su sau ɗaya kuma: rawaya 11.4 zuwa 12.6, ja 4.75 zuwa 5.25, ruwan lemo 3.14 zuwa 3.47. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.